Ƙullin irin da mahaifiyata ta bari

Shekarun baya, bayan rasuwar mahaifiyata, muna kwashe kayan ɗakinta a garin Ƙofa na tarar da ƙulle-ƙullen iri cikin wata tsohuwar ƙwarya. Haka take yi duk kaka, kowane iri da tsummansa. Da damina ta sauka na shuka su duka a bayan ɗaki, don dai kada su mutu a hannuna.

Kuɓewa ta fito, yakuwa ta fito, karkashi ma haka. Sai wani guda da ƙwayarsa baƙa ce kamar masoro, ya tashi ya yi reshe, ya fara fure ja mai haske. Abin da ya ɗaure min kai, duk yini furen a tsuke yake, sai bayan la'asar ya buɗe yana ƙamshi. Ni da nake taƙamar a gona na girma, na tsaya a kansa na yi ta sosa ƙeya.

Matata ce ta fara tayar da maganar. Ɗiyarmu ta soma rarrafe a lokacin, komai ta samu sai baki. Ta ce, "Malam, ko ka gano mana mene ne wannan, ko ka sare shi kafin 'ya'yansa su zubo." Gaskiyarta ne. Amma ƙullin guda ɗaya ne tak, kuma na zuba shi duka a ƙasa. In na sare, shi ke nan.

Na shiga yawo da reshe a aljihu kamar mai talla. Wani maƙwabcina ya ce ɗan'uwan zaƙami ne, in raba kaina da shi. Mai maganin gargajiya a kasuwa ya shinshina, ya ce maganin basir ne, da na sake tambaya ya ce ko na shawara. Wani abokina ya ɗauki hotonsa da waya, wayar ta ba mu suna biyu, babu wanda muka iya furtawa. Wata tsohuwa kuma ta ce furen da ke jiran yamma ba na mutane ba ne. Da na kai wa limaminmu, dariya ya yi ya ce, "Halittar Allah ce, ni ban san shi ba." Na dawo gida na fi da rikicewa.

Har na wasa adda, sai ga aminiyar mahaifiyata daga Badafi ta zo duba mu. Ita ce ta yi jinyarta a asibiti a Kano. Bayan mun gaisa na kai ta bayan ɗaki, na ce, "Gwaggo, don Allah maganin mene ne wannan?"

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta goge ido da bakin mayafi. Ta ce, "Ɗan nan, ba maganin komai ba ne, kuma ba a miya da shi. A bakin ɗakin da aka kwantar da ita yake. Kullum da la'asar sai ta ce in fito da ita ta ga ya buɗe. Ita ta sa na tsinto mata 'ya'yan, ta ce in ta warke za ta shuka."

Na ce, "To ya sunansa?"

Ta ce, "Oho. Ita ma ba ta sani ba. Kyau kawai ya yi mata."

Ni da safe nake zuwa dubiya, shi ya sa ban taɓa ganinsa a buɗe ba. Ban sare shi ba. Na kewaye shi da dangar kara, matata kuma ta riƙa tsince 'ya'yan kullum kafin su faɗi.

Har yau abin yana taɓa min zuciya. Duk yawon nan da na yi, amfaninsa nake nema, domin ban taɓa kawowa a raina cewa mahaifiyata za ta adana abin da ba a ci ba a sha ba. Na san miyar da take so, na san surar da take yawan karantawa, amma ban san tana son fure ba sai da ta tafi.