Shekarun da Muka Hana Baba Tumu

Shekara shida muka yi muna hana mahaifina cin tumu, kuma ni ce kan gaba a masu hanin. Wanda ba ɗan Damargu ba zai ce mene ne abin jimami a nan, zangarniyar sabon hatsi ce kawai a babbaka a wuta, a murje, a watsa baki. To, a ƙauyenmu da ke ƙasar Olelewa, da ɗokin tumu mutum yake haƙura da yunwar damina. Baba kuwa ba ya shan taba, ba ya cin goro, shayi ma sai an matsa masa. Tumu kaɗai ne kwaɗayinsa a duniya, shi muka bi muka ƙwace.

A ganinmu muna da hujja. Kowace shekara da zarar hatsi ya nuna, sai jikin Baba ya birkice. Ƙeya ta riƙe, kai ya yi ta sara, ciki ya kumbura da gyatsa mai tsami, barci ya zama rabi da rabi. Da an kammala kaka an zuba hatsi rumbu, sai ya warware kamar ba shi ba. Inna ce ta fara cewa sabon hatsi ne bai karɓe shi ba. Ni kuma a lokacin ban daɗe da samun aji a wata lakwal, wato makarantar boko, ta Tanut ba, ina jin ilimin duniya duk yana cikin jakata. Na goyi bayanta da faransanci, na ce ai sunan abin alerji. Tunda kalmar ta fito daga bakin madam ta lakwal, magana ta ƙare.

Sai muka kafa doka. Ana ɓoye masa hatsin bara a wata randa, furarsa daban, tuwonsa daban. In ya dawo daga gona Inna takan tsayar da shi ta duba gemunsa ko za ta ga ƙaiƙayi. Amma ciwo bai fasa zuwa ba ko shekara ɗaya. Maimakon mu ce mun yi kuskure, sai muka yanke cewa a ɓoye yake ci. Ya rantse, ba mu yarda ba. Dattijon da gari guda ke karɓar maganarsa ba tare da shaida ba, a gidansa aka mai da shi ɓarawon tumu. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Abin da ba mu taɓa sa wa a lissafi ba shi ne aikinsa. Baba shi ne wakilin mai gari kan ɓarnar gona. Lokacin da hatsi ke nuna, a lokacin ne garkunan Fulani da na Abzinawa ke gangarowa daga wajen Tarka suna neman kudu, alhali hukuma ba ta kai ga sanar da ranar sakin dabbobi cikin gonaki ba. Burtalin da aka bar musu gonaki sun cinye gefensa, raƙumi kuma in ya miƙa wuya ba ya tambayar iyaka. Baba yana jin Fulatanci, yana taɓa Tamajak, don haka kowane ɓangare shi yake kira. Wata biyu cur yana yini tsaye a rana tsakanin mai sanda da mai gatari, kowa jijiyar wuya a tashe, shi kuwa ko murya ba ya ɗagawa. Gari na yabonsa, ana cewa zuciyarsa ruwan sanyi ce. Mu ma muna cikin masu yabon.

A kaka ta bakwai jiri ya ɗebe shi a ƙofar masallaci bayan la'asar. Washegari aka sa shi a mota shi da Inna zuwa Tanut, na karɓe su muka wuce likita, wato asibiti. Lokotoron da muka samu mace ce, ƴar Damagaram, mai magana a hankali. Ta tambaye shi ko yana jin gajiya. Baba ya ɗauka gaisuwa ce, ya ce ba gajiya, ya tambaye ta mutanen gida. Ta tambaya ko akwai abin da ke damunsa, ya ce babu komi sai alheri. Da ta ga ba za ta samu komi daga bakinsa ba, sai ta ɗaura masa abin awon jini a damtse.

Ta gama awo ke nan tana rubutu, wayarsa ta yi ƙara. Wani manomi ne daga gida, muna jin ihunsa daga inda muke zaune: shanu sun kwana a gonarsa, ya tara ƴan'uwansa. Baba ya lallashe shi da muryarsa ta kullum, fuska ko yamutsewa ba ta yi ba. Lokotoron ta sake matsa abin awon yana cikin magana. Da ya ajiye wayar ta juyo mana da lambobin biyu. Na farkon ma ya riga ya hau, na biyun kuwa ya wuce shi nesa.

Inna ta yi sauri ta kawo bayanin sabon hatsi, ni ma na ƙara da alerjina, ko da yake muryata ta fara sanyi. Matar ta saurare mu har ƙarshe, sannan ta tambayi abin da ke faruwa a garinmu in hatsi ya nuna, ban da cin tumu. Sai aikin Baba ya faɗo mana a rai.

Ta yi mana bayani dalla-dalla. In mutum ya ga haɗari, jiki kan zuba wasu sinadarai cikin jini, zuciya ta ƙara sauri, jijiyoyi su tsuke, naman wuya da kafaɗa ya ɗaure, ciki ya dakatar da narkar da abinci, duk don a samu ƙarfin gudu ko faɗa. In haɗarin ya wuce komi ya koma daidai. Amma wanda ba ya gudu, ba ya faɗa, kullum sai haɗiyewa, jikinsa na nan a ɗaure kamar jakin da aka yi wa lodi aka manta ba a sauke ba. Ta rubuta masa maganin tansiyo, wato hawan jini, ta ce a rage gishiri, ta kuma faɗa masa ba ɓoye-ɓoye cewa in ya ci gaba a haka tana jin tsoron shanyewar ɓarin jiki.

Baba tambaya ɗaya ya yi: "To, tumun fa?"

Ta ce ya ci abinsa. Bai dube mu ba, kuma da ya zage mu da ya fi mana sauƙi. A ranar Inna da kanta ta nemo zangarniya uku ta babbaka masa a tsakar gidana, tana yi tana faɗa da wutar da ba ta yi mata laifin komi ba.

Rigimar gaske a kan aikin aka yi ta. Na riƙe shi kwana goma a Tanut, na karɓe wayar na kulle a akwati. Ya yi ta kai da kawowa a ɗan tsakar gidan, babur ya wuce sai ya leƙa. Rana ta huɗu na ce masa garin nan fa ba zai ƙone don ba ya nan ba. Ya zauna bakin tabarma, ya kira ni da sunan da yake kirana, don sunan mahaifiyarsa nake da shi.

"Uwata, kina goye aka taɓa aiko mini da tsakar rana. Na ce bari rana ta yi sanyi. Kafin in isa an kashe mutum. Tun daga ranar, ko kare ya yi haushi da kaka sai gabana ya faɗi."

Shekara talatin yana ɗauke da wannan, ko Inna ba ta taɓa jin ya ɗora wa kansa laifin ba. Tausayinsa ya kama ni, tsoro kuma ya fi tausayin yawa. Na ce masa in ya faɗi ba wanda zai isa gonar, da wuri ko a makare.

Da ya koma gida ya je wurin mai gari da kansa. Aka zaɓo mutum biyu matasa, ɗaya manomi, ɗaya daga Fulanin da ke zaune kusa da rijiyarmu. Rani guda Baba ya yi yana zagawa da su burtali, yana nuna musu duwatsun iyaka, yana koya musu cewa a fara barin mai fushi ya gama maganarsa tas. Ni dai ban yarda zai iya sakin aikin ba, na san halin mahaifina.

Da kaka ta zagayo labari ya iso mini Tanut cewa raƙuma sun afka gonaki uku a gabashin gari, har an zare takubba. Na kira shi a lokacin hutun ƴan lakwal. Wayar ta daɗe tana ƙara. Da ya ɗauka na ji kukan kaji a bayansa, na gane a gida yake. Ya ce tun safe yaran sun tafi, shi yana gyaran igiyar guga. Na tambaye shi yadda aka ƙare, da wanda aka ba gaskiya.

Ya yi wata ƴar dariya da ban iya raba daɗi da ciwon da ke cikinta ba.

"Wallahi, Uwata, ban sani ba. Ban tambaya ba, su ma ba su zo sun faɗa mini ba."