Lambar Furofesa

A unguwarmu ta Zongo ba a tambayar babba inda ya samo magana. Kana iya tambayarsa lafiyar iyali, ko ciwon gwiwa, ko yadda kasuwa ta tashi, amma idan ya ce abu kaza haka yake, sai ka ce "gaskiya ne" ka gyara zama. Da wannan tarbiyya na shiga jami'a karatun fiziks, kuma ba ta taɓa ba ni matsala ba sai a shekarar ƙarshe, da aka zo rubuta memuwar, wato kundin binciken da ɗalibi yake karewa a gaban malamai kafin a sallame shi.

Aikina a kan farantan sola ne, irin waɗanda suka fara cika rufin unguwarmu. Faranti idan ya yi zafi, wutar da yake bayarwa raguwa take yi, kuma akwai wata lamba da ke nuna yawan raguwar. Duk lissafina a kan lambar nan ya tsaya. Ban sha wahalar nemanta ba, domin kowane ɗan Zongo da ya yi fiziks ya san inda take: shafi na goma sha huɗu a memuwar ɗin Furofesa.

Furofesa ba furofesa ba ne, malamin sakandare ne. Amma shi ne ɗan unguwarmu na farko da ya gama fiziks, a zamanin da ake ganin duk yaron da ya wuce aji shida ya guji shagon ubansa ne kawai. Tun ranar da ya kare kundinsa aka liƙa masa sunan, shi kuma bai ga dalilin ɓata wa jama'a rai da gyara ba. Kowace Asabar yakan tara mu a zaurensa ya koya mana lissafi, bai taɓa karɓar komai a hannun iyayenmu ba. Ni kam, da ba don shi ba da yanzu ina auna atamfa a kasuwar Adawlato kusa da mahaifiyata. Kundinsa mai koren bango a cikin leda yake yawo daga gida zuwa gida, ana karɓarsa da hannu biyu, kuma ba a cin abinci kusa da shi.

Malamar da ke duba aikina 'yar unguwar Bè-Kpota ce, gajeruwa, ba ta da yawan magana, Madam muke ce mata. Ta karanta babina na farko, ta zagaye lambar da jan biro, ta tambaye ni da Faransanci ina na samo ta. Na nuna mata sunan Furofesa a ƙasan shafi, ina jin kaina kamar wanda ya zo da ɗan rakiya mai ƙarfi.

"Shi kuma ina ya samo ta?" in ji ta.

Wallahi sai da na waiwaya, don in tabbata babu ɗan unguwarmu a bakin ƙofa. Na ce mata ai mutumin babba ne. Ta ce ba shekarunsa ta tambaye ni ba. Sannan ta yi mini bayani a taƙaice: saura mako shida a rufe karɓar kundi, kuma ba za ta sa hannu a nawa ba sai na kawo mata asalin lambar, wane ne ya auna, da wane kayan aiki, a ina aka buga. In ban kawo ba, sai baɗi.

Na fara da intanet, domin intanet ba ya jin haushin tambaya. Kwana uku ina fama. Takardun da suka yi kama da na gaske, da na buɗe shafin farko sai su nemi katin banki. Waɗanda suke kyauta kuma, rabinsu na masu sayar da faranti ne, kowa nasa ba ya jin zafi ko kaɗan. Na ga bidiyon wani mutum cikin farar rigar likita yana rantsuwa cewa in ka shafa wa faranti man goge baki wutarsa za ta ninka. Na tambayi manhajar nan da ke amsa kowace tambaya, ta ba ni sunayen takardu uku masu daɗin ji, da sunayen marubuta da shekara da komai. Na kai wa Madam ina murna, ta nema a gabana, babu ko ɗaya da aka taɓa rubutawa a duniya. Ban ga laifin manhajar sosai ba, don na san mutane da yawa a majalisar ƙofar gidanmu da ba sa iya cewa "ban sani ba".

A rana ta huɗu na ci karo da lambar kanta a wani shafi, daidai da ta Furofesa, babu ragi babu ƙari. Na tashi na yi sujadar godiya. Da na dawo na duba sunan marubucin, ashe ɗan mai wankin da ke bayan gidanmu ne, wanda ya riga ni gamawa da shekara biyu, ya ɗora kundinsa a intanet. Shi ma daga shafi na goma sha huɗu ya ɗauko.

Daga nan na shiga ɗakin da sashenmu ke jibge tsofaffin kundaye. Na sami shida masu ɗauke da lambar, duka na 'yan Zongo. Na shida ya ce daga na biyar ya samo, na biyar ya jingina da na huɗu, haka aka yi ta miƙa ta cikin ladabi har zuwa koren bango. A can kuma, a gaban lambar, babu sunan littafi, babu sunan kowa. Abin da Furofesa ya rubuta kawai shi ne: "kamar yadda aka sani".

Babu sauran wanda zan tambaya sai shi. Na gaya wa mahaifiyata, tana ninke atamfa, ta tsaya ta dube ni.

"Za ka je ka ce wa Furofesa ina ya samo karatu? Kai, ni ka taɓa tambayata ina na samo ka?"

Na ce Madam ce ta matsa. Ta ce Madam ba a Zongo za ta nemi aure ba. Amma da ta ga idona ya yi ja, ta ƙulla mini goro a ganye, ta ce in zan yi rashin kunya, aƙalla in yi ta da goro a hannu.

Zuwana na farko, mun gaisa, mun sha shayi, ya ba ni labarin yadda yaran yanzu ba sa iya raba lamba ba tare da waya ba. Na ce gaskiya ne, na tashi. Zuwa na biyu na kai har bakin maganar, na ce "Furofesa, game da shafi na goma sha huɗu," ya ce "A'a, shafin nan ya taimaki mutane," na ce ƙwarai kuwa, na sake tashi. Mako guda ya tafi a shan shayi.

A zuwa na uku na ƙirƙiro aboki. Na ce wani abokina ne, ba ɗan unguwa ba, marar tarbiyya, yake son sanin littafin da aka ciro lambar. Furofesa ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

"Ka gaya wa abokinka," ya ce, "a lokacinmu littafi uku ne a laburare a kan sola, biyu an ara ba a dawo da su ba, na ukun da Jamusanci. Malamin da ke duba ni ya yi tafiya wata biyar. Wani Bazabarme a Adawlato ya kawo faranti na farko da na taɓa gani da idona. A jikin kwalin na ga lambar, na kwafa a tafin hannu."

Na ce to, ai kwali ma wani abu ne, ko ya tuna sunan kamfanin?

"To, ba ita ce daidai ba. Na ƙara mata kaɗan. Farantin don ƙasar sanyi aka yi shi, zafinmu kuwa ya fi nasu."

"Da me aka auna ƙarin, Furofesa?"

"Da fatar jikina," ya ce, ya yi dariya. Ni ma na yi, don ba a barin babba ya yi dariya shi kaɗai. Amma na riga na gane an yi kuskure, domin fiziks ɗin da shi da kansa ya koya mini ya ce lambar nan halin farantin ce, ba ruwanta da ƙasar da aka kai shi. Da zan tafi ya dafa kafaɗata ya ce in sa sunansa kawai, mutum shida sun wuce da ita lafiya, ni ne na bakwai.

Ban gaya wa Madam zancen kwali ba. Na ce mata asalin ya ɓata. Ta dube ni irin duban wadda ta gane, ba ta ƙara tambaya ba. Ta rubuta wa wata abokiyar aikinta a waje, aka turo mata takardu biyu na gaske, ta zaunar da ni ta nuna mini yadda ake karanta su: a fara da inda suka faɗi yadda suka yi awon, a duba ko mujallar tana ba wasu masana su tantance kafin ta buga, a bi sunayen da suka jingina da su a ga ko suna nan. Sannan ta ba ni aron faranti ɗaya da na'urar awon wuta da ma'aunin zafi, ta ce tunda garinmu ba ya rasa rana, in je in tambaye ta da kaina.

Mako uku na yi a kan rufin gidanmu, daga hantsi zuwa la'asar, kwano yana gasa mini ƙafa. Maƙwabta suka kasu biyu. Wasu suka ce karatu ya taɓa ni, wasu suka ce leƙen tsakar gidan mutane nake yi, har wata tsohuwa ta aiko a gaya mini ta ga abin da nake yi kuma Allah ma ya gani. Da na haɗa awon, lambata ta zauna kusa da ta takardun nan biyu. Ta Furofesa tana can nesa, ita kaɗai.

Madam ta sa hannu. Na cire sunan Furofesa daga jerin madogara, na mayar da shi shafin sadaukarwa, na yi masa layi huɗu na yabo, kuma duk abin da na faɗa a ciki gaskiya ne. Na yi niyyar in je in gaya masa kafin ranar karewa. Sau biyu ina kaiwa bakin zaurensa ina wucewa kamar an aike ni wani wuri. Tsoro ne, ba wani abu ba, na kuma yi wa kaina ƙaryar cewa babu wanda zai tayar da maganar.

Ɗan Zongo ba ya kare kundi shi kaɗai. Ranar, mata suka yi anko, aka cika mota biyu, aka zo da kuloli na shinkafa da wake da soyayyen nama, har masu gadi suka ɗauka biki ne. Furofesa ya sa babbar riga ruwan toka, aka ba shi kujerar gaba, daidai inda zan riƙa ganinsa. Yawancin iyayenmu mata Faransancinsu na ciniki ne, ya ƙare a farashi da gaisuwa, don haka suka zauna suna jiran abin da za su gane.

Na yi bayanina lafiya. Sai wani dattijo cikin malaman da ke yi mini tambayoyi ya buɗe kundin, ya ce shekara da shekaru yana ganin wata lamba a kundayen sashen nan, daga aikin wane, ya faɗi cikakken sunan Furofesa. Jin sunan, wata gwaggota ta rangaɗa guɗa, sauran suka amsa. Da aka yi shiru ya ƙarasa: me ya sa tawa ta bambanta, kuma wacce ce daidai?

Na dubi Madam, tana duban biro ɗinta. Ina iya cewa farantan ne suka bambanta, ko zamani ya canja, da an wuce wurin. Amma na sha rana mako uku, kuma matar nan ta sa hannunta a kan aikina. Na ce na bi lambar kundi bayan kundi har zuwa na farko, ban sami inda aka auna ta ba, kuma awona da na takardun da aka tantance sun nuna ba daidai take ba. Dattijon ya so ya tabbatar, ya sake faɗin sunan, ya ce wato aikin wane ba shi da madogara? Guɗa ta sake tashi, ta fi ta farko. A cikin guɗar na ce eh.

Mutum ɗaya ne a layin gaba ya fahimci kowace kalma. Bai motsa ba. Da gwaggota ta juyo tana yi masa barka, har ya ɗaga mata hannu ya yi murmushi.

Na ci da sakamako mai kyau. A waje aka buɗe kuloli, mahaifiyata tana gaya wa kowa cewa sau biyu manyan malamai suka ambaci Furofesa, a kan aikin ɗanta. Ni kuwa ina tsaye da farantin shinkafa, na kasa kai loma. Sai ga shi ya ratso mutane ya nufo ni. Tun ina ɗan shekara goma sha ɗaya bai taɓa kirana da komai ba sai wani sunan tsokana da ya raɗa mini saboda girman kunnuwana, kuma bai taɓa ba ni hannu ba, sai dai ya ja kunnen. Na sunkuyar da kai ina jira.

Ya miƙo mini hannu biyu, ya ɗan rusuna, yadda ake yi wa baƙon da ya zo daga nesa.

"Malam," ya ce, "Allah ya sanya albarka."

Haka yake gaishe ni har yau.