Bugun da Dogo Yake Yi wa Bonet

Dogo bakanike ne, ni kuma mai faci. Rumfata tana manne da garejinsa, kwano ne kawai ya raba mu, har in ya yi tari ina ce masa sannu. Ya taɓa aure tun muna samari, matar ta rasu wajen haihuwa tare da abin da ke cikinta. Bai sake zancen ba, ni ma ban taɓa tayar masa da shi ba.

Wata safiya ya tayar da injin wata tsohuwar mota, sai muka ji kuka kamar na jariri. Ya kashe da sauri ya ɗaga bonet. 'Yar kyanwa ce baƙa mai farar ƙafa ɗaya, ta shiga neman ɗumi, fanka ta gutsure mata bakin wutsiya. Ya ɗaure wurin da tsumma, ya sa mata suna Sifana, wai tsawonta bai wuce na sifana ba.

Tun daga ranar bai sake murɗa makullin mota ba sai ya buga bonet da tafin hannu, ya ɗan saurara. Masu mota suna yi masa dariya.

"Dogo, sallama kake yi wa motar?"

"Hajiya na ciki," in ji shi. "Ai ba a faɗa wa mace ɗaki haka kawai."

Ita kuwa Hajiyar ba ta da aiki sai ɓarna. In ya kwanta ƙarƙashin mota, ta kama igiyar takalminsa tana kokawa da ita. In ya jera noti a kan tsumma, ta sa hannu ta ture ɗaya, ta bi shi da gudu, ta ɗauke a baki. Sai ka ga ƙaton mutum yana rarrafe yana roƙon mage, mai mota na tsaye yana duba agogo. Da yamma ta shige jakar kayan aikinsa, ya rataye ta a keke, kanta a waje, su tafi gida. Ɗakinsa ɗaya ne: katifa, risho, rediyo, sai kwanonta a bayan ƙofa. Na sha iske shi zaune ƙafarsa ta yi tsami, ya ƙi motsawa don tana barci a cinyarsa.

Da ƙafafunsa suka fara kumbura ya ce tsayuwa ce. Kafin ya yarda a kai shi asibiti, ƙoda ta riga ta gama lalacewa. Ranar da na je duba shi da ɗan lemu bai ko kalli lemun ba, ya riƙe hannuna.

"Mai Faci, ni na ɓata Sifana. Ba ta san mota na kisa ba, ta saba a buga mata. Ka sa a riƙa bugawa."

Na ce masa kada ya damu. Bai kwana da yawa bayan nan ba. Allah ya jiƙansa.

Ƙanensa ne ya gaji garejin, shi ma bakanike. Na ɗauki Sifana na kai gidana, maiɗakina ta yi ta lallashinta da kan kifi, amma ko an rufe ƙofa sai ta bi ta taga. Kullum a gareji nake samunta, tana shinshina tsohuwar rigar aikinsa da ke rataye a ƙusa. Na je wajen ƙanen.

"Ƙanena, alfarma ɗaya. Kafin ka tayar da mota, ka ɗan buga bonet."

"Yaya, gareji na gada, ba mage ba. Haukan da ya yi ai ya ishe mu."

Sai na riƙa sammako ina bin motocin ɗaya bayan ɗaya ina bugawa kafin ya iso. Da rana kuma idona rabi a kan taya, rabi a garejinsa.

Ranar da abin ya faru an wuni ana yayyafi, gari ya yi sanyi. Ina cusa tub ɗin taya a ruwa ina neman inda ya huje, na hango ƙanen ya shiga wata mota da aka kashe ba da jimawa ba, injinta da sauran ɗumi. Na duba ƙarƙashin rigar, Sifana ba ta nan. Na miƙe hannuna na ɗigar ruwa.

"Tsaya, buga tukuna."

Ya ji ni. Ya dube ni ta gilashi, ya yi murmushi.

"Yaya, kai ma ciwon ya kama ka?"

Ya murɗa makullin.

Ba zan faɗi abin da na ciro ba. Na naɗe ta a rigar Dogo, na haƙa rami a bayan rumfata. Ina haƙa ina jin ƙanen yana mita, wai fambel, igiyar da ke juya fanka, sabo ful ya tsinke.

Da aka zo kwashe ɗakin Dogo, aka ɗaga katifa, sai ga tulin noti a lungu, duk waɗanda Sifana ta sace ta kawo gida a cikin jaka. Ƙanen ya share su cikin buhun ƙarafa. Na tsinci ɗaya da ya gangaro wajen ƙafata. Yana aljihuna. Rumfar kuwa na tashe ta, na koma can ƙarshen titi, inda ba na jin ana tayar da mota a garejin nan.