Malam Haladu, Mai Tsaron Wutar Asibitinmu

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Laraba, 12 ga Nuwamba, 1975, bayan sallar La'asar, Allah Ya karɓi ran Malam Haladu Indabo, mai kula da lantarki a ɗan asibitinmu na haihuwa da ke Wudil. Ni ce Hafsatu, ungozomar asibitin.

Malam, kai ka haɗa mana ɗakin batura, ka kafa inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin wadda firjin magani da fitilar ɗakin haihuwa ke aiki da ita in an ɗauke wuta. Ka dage sai da aka sa guda biyu, don in ɗaya ta mutu, 'yar'uwarta ta ɗauki nauyin nan take. Ranar da ta farkon ta ƙone, ina tsakiyar ɗinke wata baiwar Allah daga Utai wadda jini ya ɓalle mata. Fitila ta ɗan ƙifta kawai, ta ci gaba da ci. Sai da na fito na ji ƙauri sannan na san abin da ya faru. Matar tana nan da ranta.

Tun daga ranar ka shiga ɗauri. Kayan gyaran da aka yi oda suna cikin jirgin ruwa a Ikko, inda jirage suka cunkushe. Sa'o'inka duk sun tafi birni neman kwangila, babu wanda za ka bar wa aikin. Inbata ɗaya ta rage, ga ta da saurin ɗaukar zafi, kai kuwa kullum kana gefenta. Ba ka je ɗaurin auren ƙaninka ba. Gonarka ciyawa ta cinye ta.

Da tari ya kama ka, na ce, "Malam, ka je Kano a duba ƙirjin nan."

Ka ce, "Malama, in ta tsaya ba na nan, wa zai taɓa ta? Bari kayan su iso."

Na koma ɗakin haihuwa, domin ga mata kwance suna naƙuda. Mu ba mu iya sakinka ba, kai ba ka iya tafiya ba, har ciwon ya ci ƙarfinka.

Kayan har yau ba su iso ba. Duk wanda ya gifta ƙofar ɗakin batura sai ya tsaya ya kasa kunne, ya ji ko inbatar da ta rage tana ƙugi.

Allah Ya jiƙanka da rahama, Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka. Ke kuma Uwa, maiɗakinsa, da 'ya'yanku Isyaku da Safara'u, kun yi rashinsa tun yana raye. Allah Ya ba ku juriyar wannan da babu dawowa.