Ranar da Na Kai Fitilar Hajiya Balad a Huda Ta

'Yan'uwa na garinmu Madani, ku da kuke cewa tun da na sauka Jidda ban ƙara motsawa ba, to ku gyara zama.

Waziriyya, unguwarmu. Na fito ƙarfe biyar da kwata, rungume da fitilar gilashi cikin bargo biyu. Shuɗiya ce mai zanen ruwan zinariya, gadon kakar Hajiya, maiɗakina. An jawo mana lantarki, sai Hajiya ta ce ko in kai fitilar a huda gindinta a sa waya kafin azumi, ko in nemi mai dama mini kunun buɗe-baki. Kun ga ba maganar wasa ba ce.

Unguwar Sharafiyya. Bas ta kawo ni a kan ƙirshi huɗu, muka ci kilomita shida cur ba a rasa rai ba. Wani askari, ɗan sanda ke nan, ya duba iƙamata, wato takardar izinin zama, ya dubi bargon, ya yi mini barka da haihuwa. Na amsa. Ful da tamis, wato wake da gurasa, na karya da su, da hannu ɗaya.

Balad, tsohon gari. Ƙarfe takwas na isa shagon Ammi Darwish, tsoho ɗan Sham mai gyaran gilashi. Ya ɗaga fitilar a hasken ƙofa, ya jujjuya ta. Can ya nuna mini 'yan kumfa cikin jikinta. Ya ce a unguwarsu da bututun ƙarfe ake hura irinta, shi ma aikin da ya tashi a ciki ke nan, kuma masu yi duk sun ƙare.

"Numfashin mutum ne a ciki, ya Hajji. Ba da hannuna za a huda ba."

Na kwashe zancen kunu na gaya masa. Ya yi dariya har da tari, ya rufe shago, ya ce yalla, mu je, shi zai fuskanci Hajiya.

Gida. Bayan magariba Ammi Darwish ya zuba ruwa a fitilar, ya bi da man zaitun, ya ɗora lagwani ya kunna. Bango ya yi shuɗi, gemuna ma haka. Hajiya na bayan labule, ni kuwa ina kusa da ƙofa saboda tsaro. Sai na ji muryarta ta nufo ni:

"Malam, kashe wancan ƙwan lantarkin, yana ɓata mini haske."

Washegari na ji tana gaya wa maƙwabta wai na so in huda fitilar kakarta, Allah ya sa ta hana ni. Aka tambaye ni, na ce haka aka yi. Godiya ga Allah da ya dawo da mu lafiya, ni da fitila.