A Banɗaki Na Zame

Kafin su kai ni asibiti sai da suka yi mini wanka. Na faɗo daga hawa na biyu na wani bene a unguwar Safa da ke Jidda, ƙuguna ya karye, ina kwance a kan yashi ina kiran sunan Allah, amma abin da abokan aikina suka fara nema shi ne bokiti.

Ni ɗan kwangilar shafe ne, mai cin gashin kansa. Ni ke nemo aiki, ni ke ciniki da mai gida, ni ke ɗauko masu taya ni. Iƙamata kuwa, wato takardar izinin zama, tana hannun wani kafili, ɗan ƙasar da ya tsaya mini, mai ɗan ofis a unguwar Bagdadiyya. A takarda ni leburansa ne. A zahiri sau ɗaya muke ganin juna a shekara, in kai masa nasa, ya sabunta mini, kowa ya kama gabansa. Doka ba ta yarda ka yi wa wani aiki ba in ba kafilinka ba, don haka irinmu ba ma jin ciwo a wurin aiki. Duk wanda ya faɗo, a gida ya faɗi. Kowa ya san wannan tun ranar da ya fara riƙe cokalin gini.

Babban mai taya ni wani ɗan Chadi ne da na koya wa sana'ar da hannuna. Shi ya sa almakashi ya yanke wandon aikina, ya wanke mini siminti daga gashi da kunne har da ƙarƙashin farce, ya tuɓe jallabiyarsa ta sallah ya zura mini. Da ya ɗaga ƙafata na suma. Da na farfaɗo a bayan mota, bakinsa yana kusa da kunnena.

"Maigida, ka ji ko? A banɗaki ka zame. Faɗi in ji."

Na faɗa. A asibiti ma na faɗa, aka rubuta.

Aka sa mini ƙarfe a ƙugu, likita ya ce ni da hawa gini har abada. Na koma ɗakina na kwanta ina kallon fanka. Ban san jiki na iya gundurar mutum haka ba. Matata tana Maraɗi da yara, kullum ina ce mata da sauƙi, ita kuma tana yi kamar ta yarda.

Maƙwabcina ne ya tayar mini da rai. Haifaffen Jidda ne, kakanninsa suka zo hajji a ƙasa ba su koma ba, Hausarsa rabi Larabci. Ya duba mini a waya, ya buga cinya.

"Ya ammi, kana da haƙƙi, wallah! Kafilinka ya sa sunanka a ta'aminat. Wanda ya ji ciwo a shugul, a wurin aiki, ana biyansa, ko baƙo ne. Yalla, gobe mu je."

Ta'aminat ita ce inshorar ma'aikata ta gwamnati. Ashe duk shekarun nan ina cikinta, a cikin abin da nake kai wa kafili ake biya, ni ko labari. Ranar na ci abinci sosai. Har na fara lissafin injin niƙa da zan kafa a ƙofar gidanmu in na koma.

Sai dai kafili ne ke kai rahoton ciwo, don haka muka fara da Bagdadiyya. Ya bar ni tsaye a kan sanduna yana waya, ya gama, ya kurɓi shayi, sannan ya dube ni kamar akuyar da ta shigo masa falo.

"Wane aiki na ba ka a Safa? Ni ba ni da aiki a Safa. Kai da bakinka ka ce a hammam ka zame. Halas."

Na ce masa shekara da shekaru yana cin gumina, ko sau ɗaya ban makara ba. Ya ce in rage murya, nan ofis ne.

Na kira ɗan Chadin nan, ko zai yi mini shaida. Na ji ƙarar injin kwaɓa siminti a bayansa, nawa ne, na san kukansa. Shi ya gaji kwangilar Safa, da kayan aikina da ya ce zai adana mini.

"Haba Maigida, so kake a kwashe mu duka? Ni ina da iyali. Ka yi haƙuri, Allah ne ya kawo."

Allah ne ya kawo faɗuwar, ban musa ba. Bokitin dai ba daga sama ya sauko ba.

Duk da haka na je ofishin inshorar, don taurin kai ne gadona. Ma'aikacin da ya saurare ni matashi ne mai ladabi, har ya tashi ya jawo mini kujera. Ya karanta rahoton asibiti, ya dubi tafin hannuna da siminti ya cinye, ya dubi sandunan. Ba wawa ba ne. Ya ce, maƙwabcina yana fassara mini, irin wannan karaya ba kasafai banɗaki ke yin ta ba. In a wurin aiki ne, in faɗi wurin, in faɗi wanda ya ba ni aikin da waɗanda suka gani, za a bincika.

Na buɗe baki, sai na ga abin da ke bayan maganar. Zan tona kaina cewa na yi aiki a wajen kafili. Za a bi sawun mutanen da suka ɗauke ni, a cikinsu akwai wanda ko iƙama ba shi da ita. Kuma a ƙarshe duk za su rantse ba su san ni ba. Na tsane su a lokacin, tsana ta gaske, amma na kasa tona su.

Na ce, "A banɗaki na zame."

Ya ce Allah ya ba ni lafiya, ya danna lambar na gaba.

Na ɗauka shirun da na yi zai saya mini ko da zama ne, in ƙarasa ganin likita. Ina! Kafili ya ji na taka ofishin, bai jira komai ba ya buga mini bizar fita ta dindindin. Saƙon a waya ya same ni.

Ranar da zan tafi, 'yan'uwa suka taru a ɗakina bayan la'asar don sallama. Ɗan Chadin ya zo da dabino da sabon agogo a hannunsa. Akwai wani baƙo da bai daɗe da zuwa daga Kano ba, ya tambayi abin da ya same ni. Kafin in yi magana ɗan Chadin ya karɓe. Ya ba da labarin sabulu, da silifa da ta tsinke, da yadda wai suka ɓalle ƙofa suka same ni tsirara ina wutsil-wutsil. Har tashi ya yi ya kwaikwayi zamewar. Ɗakin ya kwashe da dariya, har da waɗanda suka riƙe ƙafafuna a kan yashin Safa.

Baƙon ya share hawayen dariya ya ce, "Kai Alhaji! Mutumin da ya yi shekaru yana hawa bene lafiya, sabulu ya gama da shi?"

Duk suka juyo suna jiran in amsa. Ɗan Chadin ne zai kai ni filin jirgi, ba ni da wata motar.

Na ce, "Sabulu kuwa."