Ɓawon Gyaɗar Yaya Hanne

Akwai wata Talata a tsakiyar bazara da har yau ta ƙi fita daga raina, kuma tunda kun ce in ba ku labari ɗaya daga shekarun da na yi a ɗakin dabbobin gwaji, ita zan ba ku. Ba labarin bajinta ba ne. Da burge ku nake so in yi, ina da waɗansu.

Lokacin ina mataki na shida a aiki, ni ke riƙe da ɗakin ɓeraye na wata ƙaramar tashar bincike da ke tsakanin Ɗambatta da Makoda, gonakin gero da gyaɗa sun kewaye mu ta ko'ina. Shekarun nan ne na wahalar mai, da mutum zai wuni a bakin titi bai ga motar Kano ba, wutar lantarki kuwa sai ta yi mako ba ta leƙo mu ba. Aikina shi ne kula da fararen ɓeraye a cikin kejin roba mai murfin waya: abinci, kwalbar ruwa, awon nauyi, da shimfiɗa. Shimfiɗar ita ce garin katakon da ake zubawa a ƙasan keji don ya tsotse fitsari, ana canza shi sau biyu a mako. In aka bar shi ya jiƙe, zarnin yana ƙona musu huhu, ƙafafunsu su yi gyambo.

Mai binciken da nake wa aiki sunanta Dakta Yagana. Iyayenta mutanen Barno ne amma a birnin Kano aka haife ta, malamar jami'a ce mai nazarin ƙwaƙwalwa. Ba ta da yawan magana, kuma ba ta yafe ganganci. Abin da take nema ta sani shi ne ko wani magani mai araha, wanda ake sayarwa a kowane kemis don wata cuta daban, zai taimaka wa wanda ya bugu a kai ya dawo da tafiyarsa da tunaninsa. Ba a fara irin wannan gwaji a kan mutum, don haka aka fara da ɓera.

Ɓeraye talatin da shida ne, kashi uku. Kashi biyu ta sa musu maganin barci ta yi musu rauni a kai gwargwadon awo. Ɗaya kashin ana ba shi maganin, ɗayan ba a ba shi. Kashi na uku lafiyayyu ne, ba a taɓa su ba, su ne ma'aunin da ake gwada sauran da shi. Duk bayan kwana bakwai sai mu gwada su. Akwai siririn katako da ɓera zai bi ya shiga akwatinsa, ni ina ƙirga sau nawa ƙafarsa ta zame. Akwai kuma babban baho na ruwa da aka ɓoye dandamali a cikinsa, a ga ko zai tuna inda yake. A littafi da madarar gari ake gurɓata ruwan don kada ya hango dandamalin, mu da gasara muke yi. Na'urar sanda mai juyawa kuwa, wadda ake ɗora ɓera a ga daɗewarsa bai faɗo ba, tana lulluɓe da zani a kusurwa, don ita sai da wuta. Gwajin kwana na ashirin da takwas shi ne na ƙarshe, kuma a kansa sakamakon ya rataya. Waɗannan ɓerayen su ne ragowar irin da aka kawo mana daga nesa, masu ɗaukar nauyin aikin kuma sun riga sun rubuto cewa daga wannan sun rufe.

A ƙauyenmu, wanda bai fi tafiyar rabin sa'a a keke daga tashar ba, akwai taubashiyata Yaya Hanne, 'yar ƙanwar babana. Mijinta Malam Idi ya faɗo daga babur a hanyar kasuwar Ɗambatta shekara guda kafin nan. Ya rayu, amma ƙafar dama sai ya ja ta, maganarsa ta sarƙe, wani lokacin ya kalli 'ya'yansa ya rasa sunansu. Manomin da ke cika rumbu biyu ya koma zaman tabarma a zaure. Yaya Hanne ita ta ɗauki gonar. Kullum ta gan ni sai ta ce, "Sarkin ɓeraye, yaya talakawanka?" Ni kuma bakina bai iya shiru ba, wata rana na ba ta labarin wani ɓera mai lamba goma sha bakwai, wanda da farko ko tsayuwa a kan katakon ba ya iyawa, amma a kwana na ashirin da ɗaya ya haye da zamewa biyu kacal. Tun daga ranar ta daina tsokanata. Sai dai ta tare ni a hanya ta ce, "Isiya, yaya mai sha bakwai ɗin nan?"

Da Dakta ta ji na yi wannan surutu, ta yi mini faɗa. Ta ce, "Malam Isyaku, tsakanin ɓera da mutum akwai shekaru. Kada ka sa wa baiwar Allah rai." Na ce na ji. Amma ni kaina na riga na sa rai.

Ranar Alhamis kafin gwajin ƙarshe, Dakta ta tafi Kano neman garin katako da ɗan man janareto. Namu ya ƙare ƙaf. A da, kyauta ake kwasar garin katako a wurin masu yankan katako, amma da kananzir ya ɓace sai matan birni suka koma girki da shi, ya zama abin layi da rububi. Ta ce za ta dawo Juma'a. Juma'a ta wuce, Asabar ta zo, babu mota. Zafi kuwa ba a magana. Na shiga ɗakin da safe zarni ya doke ni har idona ya kawo ruwa, na ɗaga ɓera biyu na ga tafin ƙafarsu ya fara ja. Ɓeran da ƙafarsa ke ciwo ba zai bi katako daidai ba. Na je wurin shugaban tasha, ya ce, "Kai ne mai ɗakin. Yi dabara."

Dabarar da ta zo mini ita ce ɓawon gyaɗa. Lokacin ɓarar gyaɗar iri ne, kowane gida ana shirin damina, ɓawo tuli a tsakar gida. Na hau keke na je wurin Yaya Hanne. Na ce, "Yaya, ɓawon gyaɗa nake so buhu guda, amma mai tsabta, wanda babu ƙwaro ko ɗaya a ciki."

Ta ce, "Na ɓerayen Malam ne?" Haka take kiransu, wato ɓerayen mijinta. "Ai kuwa ba zan ba ka na tsakar gida da kaji suka tattaka ba. Tsaya." Ta shiga ɗaki ta jawo buhun ɓawon gyaɗar irinta, wadda ta ɓare jiya da hannunta. Na zuba hannu na duba, fes, ko tururuwa babu. Har na yi mata kirari. Ta ɗaura mini shi a bayan keke da kanta, tana cewa Allah ya sa albarka a aikin.

Ƙa'idar ɗakinmu ita ce, duk sabuwar shimfiɗa sai an gasa ta a na'urar zafi, kuma sai mai bincike ya sa hannu. Na'ura babu wuta, mai bincike tana Kano. Na daka ɓawon sama-sama a turmi, na tankaɗe, na shanya a rana, na zuba wa keji duka da yammacin Asabar. Wani farin gari ya ɗan manne mini a hannu, na ce ƙasar gona ce. Akwai kuma wani ɗan wari, amma warin da na tashi a cikinsa ne, warin ɗakin ajiyar kowace tsohuwa a ƙauyenmu. Hancina bai ɗauke shi a bakin komai ba. Na rufe ɗaki ina jin na yi abin kai.

Lahadi na ga ba su cinye abinci ba, na ce zafi ne. Litinin na ga waɗansu suna rawar jiki, na ƙara buɗe taga na rataya jiƙaƙƙen buhu.

Talata da hantsi Dakta ta iso a bayan motar ɗaukar hatsi, da buhun garin katako biyu, fuskarta duk gajiya. Ko zama ba ta yi ba ta ce mu fara, don a ranar ne ashirin da takwas ta cika. Muka fara a ɗakin gwaji, ni ina ɗauko keji daga ciki. Na ɗora ɓera na farko a kan katako, daga kashin lafiyayyu, wanda kullum yake hayewa a guje. Ya yi taku uku ya karkace ya faɗo a kan soson da muka shimfiɗa a ƙasa. Na ɗora na biyu, shi ma haka, yawu na zuba daga bakinsa. Dakta ta ajiye biro. Ta jawo kejin ta buɗe murfin, ta sunkuya sau ɗaya ta ɗago.

"Malam Isyaku, mene ne wannan a ƙasa?"

"Ɓawon gyaɗa ne, Dakta. Mai tsabta ne, babu ƙwaro ko ɗaya."

"Me ya hana ƙwaro shigarsa?"

Wallahi sai a lokacin na gane. Ni ɗan manomi ne. Na san gyaɗar iri ba ta kai bazara lafiya sai an barbaɗe ta da hodar ƙwari, kuma da yake ba ta ci ba ce, ba a jin tsoron cika hannu. Na san wannan tun ina ɗan shekara bakwai. Ni da bakina na roƙi wanda babu ƙwaro, a ƙauyenmu kuwa babu abin da ke zama babu ƙwaro sai wanda aka sa wa magani. Hodar nan jijiya take kamawa, abin da muke aunawa ke nan. Kwana uku ɓerayen suna kwance a cikinta, suna shaƙa, suna gaigayar ɓawon.

Muka kwashe su da sauri muka wanke kejin, muka zuba garin katakon da ta sha wahalar kawowa. Bakwai sun riga sun mutu a kejin baya, har da mai lamba goma sha bakwai. Na ce, "Dakta, in sauran suka farfaɗo, ba sai mu gwada su mako mai zuwa ba?"

Ta ce, "In ya zame, rauni ne ko hoda? In ya haye, magani ne ko sa'a? Wa zan gaya wa, ya yarda?" Ba ta ɗaga murya ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta zauna a kan buhu ta rufe fuska da mayafi, ni kuma na tsaya riƙe da murfin keji kamar wanda aka dasa.

Shugaban tasha ya ba da shawara a rubuta cewa zafi ne ya kashe su, tunda kowa ya san halin da ake ciki. Dakta ta ce ba za ta sa hannu a kan ƙarya ba, amma ba za ta rubuta sunan kowa ba. Ni na ɗauki biro na rubuta sunana da abin da na yi. Aka ba ni takardar gargaɗi, aka riƙe mini ƙarin girma na shekara biyu, kuma ban ga an zalunce ni ba. Ita kuwa aikin shekara uku ya tafi. Sakamakon kwana ashirin da ɗaya bai isa a kafa hujja da shi ba. Kafin damina ta ƙare ta bar jami'ar ta koma wani aiki, ban sake jin ta taɓa ɓera ba. Aka rufe ɗakinmu, aka mayar da ni wani sashe.

Na yi kwana goma ina zagaye hanyar gidan Yaya Hanne. Ranar da na kasa ci gaba da kauce mata, na same ta a gona tana shuka gyaɗar nan. Ta miƙe tana share gumi ta ce, "Isiya, ka ɓuya. Yaya mai sha bakwai?"

Na ce, "Yaya, an tsayar da aikin. Daga sama ne."

Ta ajiye ƙwaryar iri a ƙasa. Sannan ta ce, "Ko ɓawon ne bai isa ba? Akwai saura rabin buhu, na hana yara su kai murhu."

Na ce ya isa, Allah ya saka da alheri. Ban gaya mata ba a ranar, ban kuma gaya mata ba har ta koma ga Allah. Ta ba da mafi kyawun abin da ke ɗakinta, laifin na wanda ya roƙa ne.

To ku da kuke shigowa aikin yanzu, na ga an kawo muku keji masu iska da na'urori masu kwamfuta, Allah ya sa ku more su. Amma duk abin da zai shiga keji, ko tsinke ne, ku tambayi inda ya kwana da abin da aka zuba masa, ko da daga hannun uwarku ya fito. Abin da kuka saba da shi tun yarinta shi ya fi saurin wuce ku, don ido da hanci sun daina ganinsa baƙo. Kuma ku riƙe bakinku a gaban masu majinyaci, don su ba sa jin kalmar gwaji, warkewa kawai suke ji.

Malam Idi ya ƙara shekara huɗu a zauren nan kafin ya rasu. Maganin yana nan har gobe a kemis ɗin bakin tashar mota, ana sayar da shi don cutar da aka san shi da ita. Ko da zai tayar da shi daga tabarmar, ko da ba zai yi komai ba, ban sani ba. Saura kwana uku a sani na je na roƙo buhun nan.